ALAMBIK: TUKUNYAR DA KE FID DA TURARE, TAKE KUMA FID DA AJALI

Duk wanda ya bar Godomey ya kama hanyar Allada ko ta Ouidah, in ya ɗan ratse cikin gonakin kwakwar manja, da wuya ya yi nisa bai ga wata bukka tana hayaƙi ba. A ƙarƙashin bukkar akwai ganga a kan murhu, da siririn bututu da ya fito daga kanta ya ratsa wasu gangunan cike da ruwa, can ƙarshensa kuma kwalba tana tarar abin da ke ɗigowa. Wannan ita ce tukunyar da Faransawa ke kira alambik, abin da ke ɗigowa kuwa shi ne sodabi, barasar da babu ɗan ƙasar nan da bai san sunanta ba.

Wataƙila mai karatu ya ce, me ya haɗa mu da tukunyar giya, alhali addininmu ya riga ya yanke hukunci a kanta? Gaskiya ne, hukuncin a fili yake, ba mu kuma zo don mu sassauta shi ba. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaranmu suna tafiya lakwal tare da yaran maƙwabta, samarinmu suna tuƙa zemijan tare da samarinsu, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai daga cikin namu waɗanda ke kurɓa a ɓoye. Bayan haka, ita wannan tukunya ita ce dai ke fid da ruwan wardi, da man turare, da ruwan batir, da sinadarin wanke hannu na asibiti. Saboda haka muka ga ya dace mu zauna mu fahimci yadda take aiki, da yadda ake auna ta, da kuma inda haɗarinta yake.

ASALIN TUKUNYAR

Kalmar alambik daga Larabci ta fito, watau al-anbiƙ, su kuma Larabawa sun aro ta daga Girkawa. Malaman Musulunci na zamanin Abbasiyawa sun yi aiki ƙwarai a kan wannan ilmi. Ana ambaton Jabir ɗan Hayyan a ƙarni na 8, da al-Kindi na Bagadaza a ƙarni na 9, wanda aka jingina wa littafi a kan haɗa turare mai ɗauke da hanyoyi fiye da 100. Ita ma kalmar alkol da Turawa ke faɗa, asalinta al-kuhl ne, wato kwallin da iyayenmu mata ke sawa a ido. Da farko Turawa suna kiran duk wani gari mai laushi da wannan suna, daga baya suka mayar da shi kan ruhin da aka tato daga giya.

Har yau alhazanmu suna dawowa da ruwan wardin Ɗa'ifa, wanda ake dafawa a tukwanen tagulla, irinsa kuma ake gauraya wa da ruwan Zamzam wajen wankin Ka'aba. A garin Kannauj na Indiya ma, da tukwanen tagulla a kan wutar itace ake fid da turaren da 'yan kasuwarmu ke saye.

A nan Dahome kuwa, tukunyar ba ta daɗe da zuwa ba. Bammi, wanda Fon ke kira atan, ya riga ta da nisa, musamman tun da Sarki Gezo, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, ya ƙarfafa shuka kwakwar manja. Labarin da ya shahara shi ne, wani soja ɗan yankin Allada mai suna Sodabi ya je Yaƙin Duniya na Ɗaya a rundunar Faransa, ya ga yadda ake dafa barasa a can, da ya dawo gida sai ya gwada da bammi, abin ya ɗauki sunansa. Turawa ba su so haka ba. Tun a watan Satumba na 1919 suka sa hannu a wata yarjejeniya a Saint-Germain wadda ta hana dafa barasa mai ƙarfi da shigo da tukwanenta a yawancin ƙasashen Afirka da ke hannunsu, a farkon shekarun 1930 kuma gwamnatin mulkin mallaka ta hana sodabi. Hanin bai kashe sana'ar ba, ya dai kora ta cikin daji. Haka aka yi a Gana, inda sunan akpeteshi ke nuni da ɓuya a harshen Ga, ba a kuma halatta ta ba sai a 1962. A Nijeriya ana kiranta ogogoro.

YADDA TAKE AIKI

Sirrin duka yana cikin darasin da muke koya wa yara a aji. Kowane ruwa yana da zafin da yake tafasa. Ruwan sha yana tafasa a digiri 100, sinadarin barasa, watau itanol, a digiri 78 da ɗoriya, ɗan'uwansa mai guba kuwa, metanol, a wajen digiri 65. In aka ɗora bammi a wuta, tururin da ke tashi ya fi abin da ke cikin tukunya yawan itanol. In aka bi da tururin ta bututu mai sanyi sai ya koma ruwa, ya ɗigo da ƙarfin da ya fi na farko. Ruwan da ke da itanol kashi 10 cikin 100, tururinsa na farko yana kai wajen kashi 50. Yayin da dahuwa ke tafiya, abin da ke tukunya yana ta salancewa, abin da ke ɗigowa kuma yana ta raunana.

Tukunyar ƙauye sau ɗaya take yin wannan rabuwa a kowace dahuwa, shi ya sa masu sana'ar kan maimaita dahuwa in suna son ƙarfi. Turawa sun nemi hanyar da za a yi maimaicin a cikin tukunya ɗaya. Wani Bafaranshe mai suna Cellier-Blumenthal ya yi rajistar tasa dabarar a 1813, wani mutumin Ailan mai suna Aeneas Coffey ya yi tasa a 1830. Dabarar ita ce a kafa doguwar hasumiya a kan tukunya, a cika ta da faranti masu huji ko da abin da zai tare tururi, kamar ragar tagulla ko ƙananan zobba na gilashi. A can saman hasumiyar akwai wurin sanyaya, inda ake mayar da tururi ruwa, a bar mafi yawansa ya gangaro ƙasa ta cikin hasumiyar, a ɗebi kaɗan kawai. Wannan ruwan da ke komowa yana karo da tururin da ke hawa. A kowane karo, ruwan da ke cikin tururin yana daskarewa ya bi ƙasa, itanol da ke cikin mai gangarowa kuma yana sake tashi ya bi sama. Ke nan kowane taki na hasumiyar tamkar tukunya ce guda. Wannan ita ce alambik mai komowa.

Da wannan dabara ce matatun mai ke raba fetur da kananzir da gas daga ɗanyen mai, ko a matatar Damagaram da aka buɗe a 2011 mai tace ganga 20,000 a rana, ko a ta Dangote da ke Lekki kusa da Ikko, wadda aka ƙaddamar a 2023 da ƙarfin ganga 650,000. Amma komai tsawon hasumiya, itanol ba ya wuce wajen kashi 96 cikin 100 ta wannan hanya, domin a nan tururi da ruwa sukan zama abu ɗaya, babu sauran rabuwa.

LISSAFIN AWO

Abu huɗu ake aunawa, kuma kowanne yana rataye da ɗan'uwansa: wuta, da faɗin hasumiya, da tsawonta, da ruwan sanyaya.

Wuta ita ce uwa. Kilowat ɗaya na zafi, in duk ya shiga tukunya, yana mayar da lita ɗaya da rabi da 'yan kai na ruwa tururi a cikin awa guda. Itanol ya fi sauƙin tashi, kilowat ɗaya yana ɗaga wajen lita 5 a awa. To in ana mayar da kashi huɗu cikin hasumiya ana ɗibar kashi ɗaya, abin da zai shiga kwalba bai wuce lita ɗaya a awa ba. Mai son tsabta sai ya haƙura da jinkiri, mai gaggawa kuma sai ya haƙura da gurɓata. Kafin ma a kai nan, lita 20 na ruwa yana bukatar kusan minti 50 a kan kilowat 2 kafin ya tashi daga digiri 30 ya tafasa. Ita tukunyar ba a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, domin kumfa na hawa ya toshe hanya.

Faɗin hasumiya wuta ce ke yanke shi. Bututu mai faɗin santimita 5 yana ɗaukar wajen kilowat ɗaya da rabi cikin natsuwa. In aka matsa masa wuta, tururi yana hawa da gudun da zai hana ruwa gangarowa, sai hasumiyar ta cika ta yi ambaliya. Abin da ɗalibai ke yawan mantawa shi ne, in aka ninka faɗin bututu sau biyu, cikinsa sau huɗu yake ƙaruwa. Bututun santimita 10 ke nan yana ɗaukar wajen kilowat 6.

Tsawo shi ke yanke yawan matakai. A hasumiyar da aka cika da ragar tagulla, kowane santimita 10 zuwa 15 yana yin aikin tukunya ɗaya, don haka mita guda yana ba da mataki 7 zuwa 10. Ana naɗe ta da abin riƙe zafi don kada iska ta ɓata lissafin.

Ruwan sanyaya kuwa, duk zafin da aka zuba a ƙasa dole a kwashe shi a sama. Kowane kilowat ɗaya yana bukatar wajen lita 43 na ruwa a awa, in ruwan ya shiga a digiri 30 ya fita a digiri 50. Gangar lita 200 da ba a canja mata ruwa, in tana karɓar kilowat 2, zafinta yana ƙaruwa da kusan digiri 9 a kowace awa. Bayan awa uku da rabi ta kai digiri 60, daga nan tururi zai fara kuɓucewa ta bakin bututu bai koma ruwa ba.

Duk wannan lissafi yana tsayawa ne a kan wutar da ba ta hawa ba ta sauka. Wutar itace ba ta san wannan doka ba, yanzu ta ci, an jima ta lafa. Shi ya sa hasumiya mai komowa ta dace da ɗakin gwaji da kamfani, inda akwai ma'aunin zafi da wanda ya karanci aikin, shi ya sa kuma wadda makerin unguwa ya harhaɗa da tarkacen ƙarfe ba ta cika yin abin da ake zato ba.

INDA AJALI KE SHIGOWA

Mu ɗauki alli mu yi wani lissafin. Bammin da ya tsimu yana da itanol wajen kashi 5 cikin 100. Gangar lita 200 ke nan tana ɗauke da lita 10 na itanol zalla. In aka fid da shi da ƙarfin kashi 45, iyakar abin da za a samu lita 22 ne, ban da wanda ya salwanta a hanya. Kuma kada a manta, a ƙasar nan sare kwakwar ake yi kafin a tatsi bamminta, itacen da ya yi shekaru yana girma. Duk wanda ya fid da lita 50 ko 60 masu ƙarfi daga ganga ɗaya, to wani abu ya ƙara. Araha ba ta ado.

Abin da marasa tsoron Allah ke ƙarawa shi ne sinadarin masana'antu mai ɗauke da metanol, irin wanda ake sawa a fenti da kayan goge-goge. Ba ya da launi, ƙanshinsa da ɗanɗanonsa kuma kusan ɗaya ne da na itanol, babu hanci ko harshen da zai rarrabe su. Cokali biyu na shayi, watau mililita 10, na iya makantar da mutum, mililita 30 na iya kashe shi. Hanta ce ke mayar da shi wata guba mai tsami wadda ke cin jijiyar ido. A watan Afrilu na 2015 mutum 18 aƙalla suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, a watan Yuni na shekarar kuma wajen mutum 70 suka mutu a jihar Ribas, duka bayan shan ogogoro. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai masu cewa ai tunda metanol ya riga tafasa, in aka zubar da ɗigon farko an rabu da shi. Zubar da ɗigon farko yana rage wasu sinadarai masu kaifi, amma metanol yana son ruwa, yana manne da shi, don haka yana bin dahuwar tun daga farkonta har ƙarshenta. Tukunyar bukka ba ta iya tsarkake abin da aka riga aka gurɓata.

Guba ta biyu tana cikin ƙarfen. Wanda ya yi amfani da lagireton mota a matsayin wurin sanyaya, ko ya like bututu da dalma, to tururi mai zafi yana narkar da dalmar ya kai ta kwalba. Ita dalma ba ta kisa rana ɗaya, tana taruwa ne a jiki, ta lalata ƙoda da jini da ƙwaƙwalwa. Haka nan tiyon roba da gangar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko man inji. Masu aikin ƙwarai ba sa yarda tururi ya taɓa komai sai tagulla, ko baƙin ƙarfen da ba ya tsatsa, ko gilashi.

Haɗari na uku gobara ce. Tururin itanol ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya nufi murhu, harshen wutarsa kuma da ƙyar ake ganinsa da rana. Barasa mai ƙarfin kashi 40 tana kama wuta tun daga wajen digiri 26, zafin da Kwatano ke wucewa kusan kullum. In bututu ya toshe kuwa, ganga tana fashewa kamar nakiya. Ba mu manta da gobarar rumbun fetur ta Sèmè-Kraké ba, ranar 23 ga Satumba 2023, wadda ta ci rayuka 35 aƙalla. A unguwa mai cunkoso irin Zongo ko Godomey, inda katanga ke jingine da katanga, wutar gida ɗaya ta kowa ce.

KUNYA BA TA MAGANIN GUBA

A nan ne maganar ta fi shafarmu. Gubar metanol ba ta nuna kanta nan take. Mutum zai sha, ya yi barci, ya tashi kamar lafiya lau, sai bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai ya taso, da amai, da ciwon ciki, da numfashi sama-sama, ganinsa ya dushe kamar yana kallo ta cikin hazo. Likitoci suna da maganin da ke tare gubar, suna kuma iya wanke jini da na'ura, amma sai in an kai mutum da wuri.

A gidajenmu, saurayin da ya sha ba zai faɗa ba, uwar da ta gane ba za ta so maƙwabta su ji ba, uban kuma zai ce a jiƙa masa wani abu a jira gari ya waye. A ƙasar Iran, inda doka ta hana giya, fiye da mutum 700 suka mutu da gubar metanol tsakanin Fabrairu da Afrilu na 2020, bayan an baza jita-jitar cewa barasa tana maganin korona. Jama'a, in yaro ya ce idonsa ya dushe bayan ya kwana waje, a ɗauke shi sai asibiti, babban asibitin Hubert Maga na Kwatano ko na Calavi, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ake zato, in akwai sauran kwalbar a tafi da ita. Faɗa da nasiha suna nan suna jira, sai mai rai ake yi wa wa'azi.

HALALIN DA KE CIKINTA

Mu mutanen turare ne. Daga Dantokpa har Zongo, humra da turaren wuta da man shafawa suna hannun 'yan'uwanmu, amma kusan duk man da ake haɗa su da shi daga waje yake zuwa. Alhali ciyawar sitronel tana fitowa a bayan kowane gida a ƙasar nan, ga ganyen zaiti, ga ɓawon lemo da ake zubarwa a bola. Duk ana fid da mansu da tururi. Ana jera ganye a kan raga a saman ruwa, tururi ya ratsa shi ya kwashi man, a sanyaya, man ya taso saman ruwa a kwashe. Wannan aiki ba ya bukatar doguwar hasumiya, hasali ma hasumiyar za ta mayar da man cikin tukunya ne. Gajeren wuya da wurin sanyaya mai kyau sun isa, lissafin wuta da ruwan sanyaya kuwa shi ne dai wanda muka yi a sama. Sai dai a shiga da haƙuri, domin kilo 100 na ɗanyen ganyen sitronel ba ya ba da lita guda ta mai.

Ruwan batir da makanikai ke saye, ruwa ne kawai da aka tafasa aka tari tururinsa. Sinadarin wanke hannu kuwa shi ne inda hasumiya mai komowa take da amfani na gaske. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar yana farawa da itanol mai ƙarfin kashi 96, a sauke shi zuwa kashi 80. Abin da bai kai kashi 60 ba ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, don haka masu wanke ciwo da sodabi su san cewa ba su yi abin da suke zato ba. Wannan ɓangare aikin masu ilmin haɗa magani ne da izinin hukuma. Duk kuma wanda zai sayar da abin da ake shafawa ko ake sha, ya fara neman izini, ya kai samfurinsa a gwada.

Muna kira ga ƙungiyoyin matasanmu da na mata da su nemi malaman kimiyya na makarantun sakandare da na Jami'ar Abomey-Calavi, wadda ke nan maƙwabtanmu, su nuna musu wannan aiki da ƙaramar tukunyar gilashi da ganyen sitronel. Yaron da ya ga ɗigon mai na farko ya taso saman ruwa, ya kuma yi lissafin da hannunsa, ba zai ƙara cewa kimiyya ta Turawa ce su kaɗai ba. Shi ne kuma zai iya gaya wa abokinsa dalilin da ya sa kwalbar da ake sayarwa da araha a bakin tasha take iya raba shi da idonsa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya ba mu sana'a ta halal mai albarka, amin.